Tabarmar zawiya bayan an tashi wazifa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaba, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Duk watan Oktoba, idan aka koma makaranta, yara daga ƙauyuka kan shigo Damagaram karatun kwaleji. Mai dangi a Birni ko Zango ya sauka wurinsu. Wanda ba shi da kowa kuwa, sai tashar mota ko wata rumfa a kasuwar Dole. Yaron da ya kwana cikin sanyin hunturu yana gadin jakarsa ba ya isa aji ƙarfe 8. Ya yi fashi yau, ya yi gobe, kafin jarrabawar BEPC an share sunansa.

Shin muridin da ya miƙa masa dala ashirin a ƙofar masallaci ya sauke nauyi? Sadaka ce, Allah Ya karɓa. Amma abin da ke hana yaron zuwa aji rashin makwanci ne, da rashin babban da zai tashe shi da asuba, ya tambaye shi in ya yi fashi.

Ahlus Suffa ma almajirai ne marasa gida. Manzon Allah (SAW) bai sallame su da dabino ba. A masallacinsa na Madina suke kwana, kuma yakan raba su ga sahabbai su tafi da su cin abinci gida. Daga cikinsu aka sami Abu Huraira (RA), wanda ya fi kowa ruwaito hadisi.

Wani zai ce zawiya wurin zikiri ce, yara za su kawo hayaniya, wani abu ma ya ɓace. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin nauyi ba ne riƙon ɗan wani. Wani kuma zai ce ai waɗannan 'yan boko ne. Wannan hujja ba ta da ƙarfi: haƙƙin baƙo a shari'a bai rataya ga irin littafin da ke jakarsa ba. Shehunan ɗariƙa kuwa sun daɗe suna tarbiyyar muridi da hidima, domin tana karya girman kai ta inda carbi kaɗai ba ya isa.

Ana naɗe tabarmi bayan wazifa, a kulle ɗaki har asuba. Ɗaki ɗaya zai ɗauki yara huɗu ko biyar. Saura muƙaddami ya zaɓi dattijon da zai riƙe makulli, da gidajen 'yan'uwa da za su riƙa aiko tuwon dare bi da bi.