Abin Lura: Wutar Kaka da Wutar Bazara

Duk wanda ya bi hanyar Lafiya zuwa Akwanga bayan ɗaukewar ruwa ya san yadda dajin Azuba yake komawa. Daga ƙarshen Nuwamba hayaƙi zai fara tashi nan da can, baƙar tokar ciyawa tana sauka a kan shanyar mata da kwanukan abinci, shirwa ta cika sama tana shawagi a bakin wuta, tana cafke farar da zafi ya tayar. Wutar na wucewa sai balbela ta sauko tana kiwo a ƙasa mai ɗumi. Mun saba da ganin haka har ba ma tsayawa mu duba. Alhali a cikinsa akwai amsar tambayar da masana suka daɗe suna gardama a kanta: in wuta ta kama a gandun daji, a bar ta ta ci ne, ko a kashe ta?

Je ka tsaya a gindin kaɗanya a wurin da aka ƙone a farkon Disamba. A lokacin gamba tana da sauran danshi a gindi, don haka wutar tafiyar hawainiya take yi, harshenta da ƙyar yake wuce ƙugun mutum, ta ci nan ta tsallake can, in dare ya yi raɓa ta kashe ta. Sa wuƙa ka ɗan kankare ɓawon kaɗanyar, za ka tarar baƙin a sama kawai ya tsaya, cikin yana nan ɗanye shar. Allah ya yi wa wannan itace ɓawo mai kauri, a tsattsage kamar bayan kada, haka ma ɗorawa da maje da kirya suna da nasu juriyar. Itatuwa ne da suka tashi tare da wuta tun kaka da kakanni. Bayan mako biyu ka dawo, za ka ga toho ya fito kore daga kututturen gamba ba tare da ko ɗigon ruwan sama ba, daga ɗan danshin da saiwa ta ajiye. Tohon nan shi makiyayi yake nema wa shanunsa, shi kuma gwanki da kanki da ɓauna suke bi a cikin gandu. Wuraren da wutar ta tsallake su ne maɓoyar gada da zomo da zabin daji, kuma filin da ya riga ya ƙone shi zai tare duk wata wutar da za ta taso daga baya.

Wutar Fabrairu da Maris daban ce. Ciyawa ta bushe ƙayau, ta fi mutum tsayi, rana ta ɗauki zafi, ga iska. Tun daga nesa kake jin rurinta da fashewar kara, tana haurawa har rassan itace. Kuma a daidai wannan lokacin ne ɗorawa take sakin jajayen furanninta masu reto, kaɗanya ma tana fure. Furen da ya babbake ba zai zama kalwa ba, ba zai zama kaɗe ba. Asarar a kan mata take faɗawa, masu daddawa da masu man kaɗe, waɗanda ba su ne suka ƙyasta ashanar ba. Ƙananan itatuwan da suka yi shekara biyu ko uku suna ƙoƙarin tasowa sukan ƙone har ƙasa, su sake tohowa, wata bazarar a sake maimaita musu. Wannan na cikin dalilan da suka sa za ka ga manyan ɗorawoyi tsofaffi a daji, amma ka nemi 'ya'yansu masu tasowa ka rasa. Ƙasa kuma ta zauna tsirara har ruwan farko na Afrilu ya zo da guguwa ya kwashe tokar da ake cewa taki ce ya zuba a rafi. Mai cin riba ita ce tofa, domin saiwarta tana can ƙarƙashin ƙasa inda wuta ba ta kaiwa. Manomin doya ya san abin da tofa take yi masa: ta cinye ƙarfinsa a wajen noma, sannan ta huda masa doyar a cikin kunya.

Wannan bambanci an gwada shi da gangan, kuma a ƙasa irin tamu. A 1936 wani malamin daji Bafaranshe, André Aubréville, ya ware filaye uku a Kokondekro, kusa da Buwake a Kwaddibuwa, yankin da damina da ciyawarsa suka yi kama da na Lafiya. Ɗaya aka hana wuta shiga sam. Na biyu ana ƙone shi duk shekara a Disamba, na uku a Maris. Aka ci gaba da haka shekaru da dama, har bayan mutuwarsa. Filin da aka kare ya rufe ya zama kurmi. Na Maris ya koma ciyawa da 'yan itatuwa tsilla-tsilla. Na Disamba ya riƙe itatuwansa, inda ƙasar ke da kyau ma har suka yi ta ƙaruwa. Ruwa ɗaya, rana ɗaya, abin da ya raba su wata uku ne kacal tsakanin ashana da ashana.

Mai karatu zai iya cewa, to ai gwajin ya nuna hana wuta gaba ɗaya ya fi. In kurmi ake so, haka ne. Amma gandu irin Yankari ba kurmi ba ne. Yawancin dabbobin da ake zuwa kallo a can masu cin ciyawa ne, in daji ya rufe abincinsu ya ragu, kaska da ƙudan tsando su samu wurin zama. Sannan wa zai iya tsare murabba'in kilomita 2,244 na Yankari daga ashana ɗaya har shekara biyar? Ciyawar da ba ta ƙone bana ba tana nan a kwance, ta baɗi ta hau kanta, ranar da wuta ta samu shiga sai ta ci har abin da aka yi shekaru ana karewa. Shi ya sa ma'aikatan Yankari su da kansu suke sa wutar wuri a farkon rani.

Amurka ta ɗanɗana wannan darasi da tsada. Amurkawa sun yi shekaru masu yawa suna kashe duk wutar da ta tashi a gandunansu, sai a 1972 aka fara barin wutar da tsawa ta kunna ta ci a wasu sassan gandun Yellowstone. A 1988 aka yi fari mai tsanani, gobara ta cinye kusan kashi 36 cikin ɗari na gandun, fili fiye da murabba'in kilomita 3,000, wato ya fi Yankari ɗungurungum. Mutum kimanin 25,000 suka yi aikin kashe ta, aka kashe wajen dala miliyan 120, ba ta lafa ba sai da ruwa da dusar ƙanƙara suka sauko a Satumba. Jama'a suka yi ta tofin Allah tsine, ana cewa gandu ya mutu. Bai mutu ba. Itacen da ya fi yawa a can, wasu ƙwansunansa a liƙe suke da ƙaro, sai zafin wuta ya narkar da ƙaron sannan iri ya zubo, kuma cikin 'yan shekaru sababbin itatuwa suka cika wurare da yawa da suka ƙone. Wani abu da ake yawan mantawa shi ne, ɗaya daga cikin manyan gobarorin wannan shekarar guntun taba sigari ne ya tayar da ita daga wajen gandu.

A nan ne ya kamata mu yi hattara da aron rigar wasu. Su suna maganar wutar da tsawa ta kunna. Mu a nan tsawa tare da ruwa take zuwa, lokacin da ciyawa take ɗanya. Wutar hunturu da bazara kusan dukkanta tana da mai ita: samari masu farautar gafiya da gyazbi da karnuka, makiyayi mai neman toho, manomi mai sharar gona da iska ta ƙwace masa, mai cire zuma, mai gawayi, matafiyin da ya wurgar da guntun taba. Don haka wanda ya ce a bar wutar daji ta ci abinta a Nasarawa, abin da yake cewa shi ne a bar mai farautar gafiya ya yanke wa gandu hukunci. Ni kuwa ban ga gafiyar da ta kai kuɗin gonar rogo ko lambun kashu ba, balle tarin shinkafa da riɗin da aka yanke aka jingine suna jiran bugu.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. A Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mai da gandunan daji goma su zama na ƙasa, ciki har da Marhai a ƙaramar hukumar Wamba a nan jiharmu, da Pandam ta jihar Filato da ke kan hanyar Lafiya zuwa Shendam, da Falgore ta Kano. Waɗannan ukun dajin ciyawa da itatuwa ne, da ƙauyuka a kewaye. A cikinsu akwai wuraren da ko wutar wuri bai kamata ta taɓa ba, wato kurmin bakin rafi, inda itatuwa ke da siririn ɓawo kuma inuwarsu ce take riƙe ruwa har bazara. A Gashaka-Gumti, gandu mafi girma a ƙasar nan, wutar da ake sa wa ciyawar kan duwatsu tana gatsar gefen kurmi kaɗan-kaɗan duk shekara, kuma kurmin da ya tafi ba ya dawowa a rayuwar mutum ɗaya.

Doka akwai ta. Tun 2011 hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin da suka hana sa wa daji wuta ba da izini ba. Amma ba malamin dajin da zai kwana a bayan kowane ƙauye. Inda aka ce ba ƙuna kwata-kwata, mutane ba sa fasawa, sai dai su jira ido ya ɗauke su kunna a ɓoye, sau da yawa a makare, ba mai tsaron bakin wutar. Hukuncina shi ne: gandun irin namu yana amfana da wutar da aka sa da wuri, yanki-yanki, da yamma bayan iska ta kwanta, bayan an share kewayen gonaki da kurmi an yanke mata hanya. Wutar da aka bari ta zaɓi ranarta da kanta cutar da shi take yi.

Kiran nawa ga masu unguwannin Azuba ne da maƙwabtansu, da Sarkin Noma, da Ardo, da shugabannin mafarauta. Tun ran gini ran zane. Ku zauna wuri ɗaya da zarar an gama kwashe amfanin kaka, ku sa rana, kowa ya share gefen gonarsa, a ƙone abin da za a ƙone da idon jama'a kafin Disamba ta ƙare. Wanda ya kunna bayan wannan, a kai shi gaban mai unguwa ya biya ɓarnar da ya yi.