EINSTEIN BAI MUSULUNTA BA, KU DAINA TURAWA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Makon jiya bayan sallar Isha wani ɗalibin jami'a mai karanta Fiziks ya tsaya har masallaci ya watse, sannan ya matso ya ce, "Malam, wata uku ke nan ba na sallah sai idan ina gida." Na tambaye shi dalili. Ya ce tun yana sakandare ake turo masa cewa Einstein ya musulunta a ɓoye, Neil Armstrong kuma ya ji kiran sallah a duniyar wata. Da ya shiga jami'a ya bincika, sai ya tarar duk ƙarya ne. "To Malam, idan wannan ƙarya ce, sauran fa?"

Wallahi tambayar ta yi mini nauyi, domin mu muka jawo ta.

'Yan uwa, Armstrong da kansa ya ƙaryata labarin nan tun yana raye. Einstein kuwa, a 1929 wani malamin Yahudawa a New York ya aika masa tambaya ko ya yarda da Allah. Ya amsa cewa ya yarda da ubangijin Spinoza, wato tsarin da ke cikin halitta, ba Ubangiji mai lura da ayyukan bayi ba. A 1954, shekara ɗaya kafin mutuwarsa, ya rubuta wa Eric Gutkind wasiƙa da Jamusanci yana cewa kalmar "Ubangiji" a wurinsa raunin ɗan Adam ne ya haife ta. An yi gwanjon wasiƙar a 2018 kan kusan dala miliyan 2.9. Amma fa shi ɗin ne kuma ya ƙi yarda a kira shi mai musun samuwar Allah kwata-kwata. Ba namu ba ne, su ma masu ilhadi ba su same shi yadda suke so ba.

Sai yaron ya kawo Stephen Hawking. A littafinsa The Grand Design na 2010, Hawking ya ce tunda akwai dokar maganaɗisun da ke jan abubuwa, sararin samaniya zai iya samar da kansa daga babu. Na ce masa, ɗana, ni ban iya lissafin Hawking ba, kuma ba zan yi ƙaryar na iya ba. Amma wannan jumlar ba lissafi ba ce, mantiƙi ce, shi kuwa mun ɗan karanta. Idan akwai doka, ai ba "babu" ba ce ke nan. An riga an ajiye wani abu a ɗakin, sannan aka ce ɗakin wayam yake. Wa ya ajiye dokar? Tambayar da aya ta 35 a Suratuɗ Ɗur ta yi ke nan, ko an halicce su ne ba tare da mahalicci ba, ko su suka halicci kansu. Jubairu ɗan Muɗ'im ya ji Annabi (SAW) yana karanta ta a sallar Magariba tun bai musulunta ba, ya ce zuciyarsa ta kusa tashi sama. Hadisin yana cikin Bukhari.

Ga wani abin lura. Wanda ya kawo bayanin cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, a 1927, limamin coci ne ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaître. Da farko Einstein bai karɓa ba. Fred Hoyle, wanda ya laƙaba wa nazariyyar suna Big Bang a rediyon BBC a 1949, adawa yake da ita. Newton kuwa ya yi rubuce-rubuce masu yawa kan addini, ya kuma ƙi aƙidar Allah-uku a asirce. Lissafinsu iri ɗaya, aƙidunsu daban-daban. Ashe ba daga ɗakin gwaji aƙidar ke fitowa ba, kowa da tasa ya shiga.

Mun yi kusan awa biyu. Sai can ƙarshe, muryarsa ta yi ƙasa, ya ce mahaifiyarsa ta rasu bara bayan doguwar jinya, kuma babu daren da bai yi mata addu'a ba. Nan na yi shiru. Na tuna Darwin, wanda 'yarsa Annie ta mutu a 1851 tana shekara 10, kuma wasu marubuta tarihinsa suna ganin wannan rashin ya taɓa imaninsa sosai. Na gane na ɓata awa biyu ina amsa tambayar da ba ita ta kawo shi ba.

Mun yi zai dawo ranar Alhamis, za mu fara daga babin ƙaddara da addu'a. Har yanzu bai ce mini ya koma sallah ba, ni ma ban matsa masa ba. Da izininsa na rubuta wannan, don haka don Allah kada a tambaye ni ko wane ne. Ku sa shi a addu'a, da mahaifiyarsa, Allah Ya jiƙanta.

Wanda kuma yake da saƙon "Einstein ya musulunta" a wayarsa, ya goge shi yau.