Gada Ce Ke Haɗa Mutane, Ko Zukatansu?

A da, wanda ya isa Asaba da kaya yana nufin kasuwar Anaca, tilas ya sauke ya jira jirgin fito, domin kogin Kwara ya gitta tsakaninsu. Direbobi kan daɗe a bakin ruwa, kaya su lalace, fasinja su gaji.

A shekarar 1965 aka gama babbar gadar ƙarfe a wurin, tsawonta ya ɗara mita 1,400. Mota ta riƙa hayewa cikin 'yan mintoci. Mutane suka ce, ai ke nan an ɗinke Gabas da Yamma. Amma ba a cika shekara biyu ba yaƙin basasa ya tashi a 1967. Sojojin Biyafara da ke ja da baya suka karya gadar don kada a biyo su. Sojojin Tarayya suka yi ta ƙoƙarin ƙetarewa cikin jirage, da yawa suka halaka a ruwa. Sai bayan da yaƙi ya ƙare a 1970 aka gyara ta.

To, abin tambaya a nan shi ne, me ya sa gadar da aka gina don zumunci ta zama abin tsoro? Ƙarfenta bai sāke ba, kogin ma bai sāke ba. Abin da ya sāke shi ne zaton da mutumin wannan gaɓa yake yi wa na waccan. Jiya yana ganin mai hayowa abokin ciniki ne, yau yana ganin maƙiyi ne. Gada ba ta tambayar wanda ya taka ta. Yadda take ɗaukar motar goro, haka take ɗaukar motar bindiga.

Kada mai karatu ya ɗauka gada banza ce. Tana rage wahala, tana sauƙaƙa ziyara, zumunta kuwa a ƙafa take. Sai dai iyakar aikinta ta kai mutum ƙofar ɗan'uwansa. Abin da zai yi in ya isa, wannan ya rage nasa.

A 2023 aka buɗe gada ta biyu kusa da ta farkon. Gwamnati tana iya gina ta uku. Amma amana tsakanin ƙabilu ba a ba da kwangilarta. Mai awo da ya cika mudu ga baƙo, da alƙalin da bai dubi yaren mai ƙara ba, su ke gina ta, kullum kaɗan kaɗan. Allah ya sa a gane.