Gadon da babu barci a kai

A ajinmu na ilimin harshe mun sha wasa da kalmar "gado". In ka ja wasalin farko, abin da mamaci ya bari ne. In ka taƙaita shi, abin kwanciya ne, ko kujerar sarauta. A takarda kuwa duk ɗaya suke. Wannan ruɗanin ne ya faɗo mini a rai da na karanta labarin George Percy.

A watan Mayu na 1607 Turawan Ingila ɗari da huɗu suka kafa Jamestown a Bajiniya, ƙasar Amurka ta yau, cikin yankin mutanen Powhatan. Shugabansu na farko, Wingfield, ko wata biyar bai cika ba suka tuɓe shi, wai yana ɓoye abinci. A Satumba 1608 mulki ya koma hannun John Smith, mutum mai tsanani, wanda ya hana malalaci ci, ya kuma riƙa samo masara wajen ƴan ƙasa, wani lokaci da ciniki, wani lokaci da bakin bindiga. Albarushi ya ƙone shi, ya koma gida a Oktoba 1609. Sai aka ɗora Percy, ga shi ba lafiya gare shi ba.

To, me ya gada? Rumbu kusan wayam, sababbin baƙi da jirage suka sauke, da maƙwabta waɗanda haƙurinsu ya ƙare. Powhatan suka tsare hanyoyi. A hunturun nan an ci dawaki, an ci karnuka da ɓeraye, har gawa an ci. Da aka kai Mayu 1610 mutum wajen sittin suka rage a cikin ganuwar.

Da farko tausayinsa na ji, wallahi. Bashin da Smith ya ci, Percy aka kama. Ina adalci a tuhumi mutum da yunwar da ba shi ya shuka ba?

Amma tausayin nan na sa masa ido, sai na ga yana da ɓaraka. Duk tambayata ita ce yaya zai ciyar da mutanensa. Ban taɓa tambayar masarar wa za su ci ba. Masu gonar ma fari ya same su a shekarun, su ma da yara a gida. Kuma a Agusta 1610, bayan agaji ya iso, mulki ya fita hannunsa, Percy ɗin nan ne ya ja mayaƙa suka ƙone ƙauyen Paspahegh, aka kashe har da ƴaƴan sarkinsu. Shi da kansa ya rubuta haka. Umarni aka ba shi, na sani, amma ƙafarsa ce ta taka.

Wani abokina ya ce in daina takura wa matacce, wai wanda aka miƙa wa gari cikin yunwa ba shi da zaɓi. Na yarda bai zaɓi yunwar ba. Ƙauyen ne har yanzu muke gardama a kai, ni da shi, duk daren da muka haɗu wajen mai shayi.