Fanshon Malami: Sadaka Ce Ko Bashi?

Duk wanda ya saba bi ta Ƙofar Wunti a Bauchi da hantsi, sa'ad da kasuwa ta fara cika, ba zai rasa cin karo da wani dattijo ba, rigarsa wankakkiya amma ta sha jiki, ya rungume takardu a hammata, ya nufi wurin tantance 'yan fansho. In kuwa ka tsaya ka gaishe shi, sau da yawa sai ka tarar tsohon malamin makaranta ne, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsakanin allo da alli. Ni da nake koyarwa a yau, ganin irin wannan dattijo shi ya tilasta mini wannan tambaya: abin da yake nema, sadaka ce ko kuwa haƙƙi?

Malaman fiƙihu sun bambance tsakanin kyauta, wadda mai ita ke da zaɓin bayarwa ko hanawa, da ujura, wato ladan aiki, wadda take zama bashi a wuyan wanda aka yi wa aikin da zarar an kammala shi. Kuma sun haɗu a kan cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. To, fansho da giratuti wani yanki ne na ujurar da aka yi alkawarinta tun ranar ɗaukar aiki, saboda haka mai biyansu bai yi alfarma ba, amana ya sauke. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a cikin Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsohon Bayahude yana bara, sai ya yanka masa abin rayuwa daga baitulmali, domin ya ga ba adalci ba ne a ci moriyar mutum yana matashi, a yi watsi da shi bayan ya tsufa. In haka hukuncin yake ga baƙon addini, ina ga wanda ya koya wa 'ya'yanmu karatu?

Mu mutanen Bauchi mun fi kowa cancantar jin kunyar wannan al'amari, domin a makarantar Midil ta garin nan Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar kafin ya zama Firayim Minista, a nan kuma Malam Aminu Kano ya fara koyarwa a 1942, shi da ya tsaya tsayin daka har Ƙungiyar Malaman Arewa ta kafu a 1948. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba: sashe na 210 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana riƙe fanshon ma'aikacin jiha, ya kuma wajabta sake duba shi duk shekara 5. Abin da ya yi ƙaranci shi ne cika alkawari.

Ya ku masu riƙe da dukiyar jama'a, kada ku ci moriyar ganga ku ya da kwaurenta. Ku kuma almajiran tsofaffin malaman nan, alƙalai da likitoci da 'yan kasuwar Wunti, ku ziyarce su, ku yi magana a madadinsu. A biya dattijo haƙƙinsa yana raye, ya ci da bakinsa, kafin kuɗin su koma gadon magada.