Tsakanin Hujja Da Ƙazafi A Kan Macen Da Ta Yi Fice

Abin mamaki ne yadda jama'a suke yabon matan da suka shuɗe, amma su juya su ci naman waɗanda suke raye. Duk wanda aka ambaci Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a gabansa sai ya yi mata addu'a. Amma idan wata baiwar Allah ta miƙe yau ta yi magana a kan sha'anin jama'a, ba za a tambayi abin da ta faɗa ba, sai a shiga binciken wane ne mijinta, aurenta nawa, da wa aka gan ta. To, shin mace tana rasa alfarmar mutuncinta ne don kawai an san sunanta?

Muhawara a kan fitar mata ba yau aka fara ta ba. Lokacin da Shehu yake yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malamin Barno mai suna Mustafa Goni ya aiko masa da waƙa, yana neman ya hana mata halartar majalisarsa. Shehu bai yi fushi ba. Ya umurci ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa, shi ma da waƙa, inda ya nuna cewa ana keɓe mata daga maza, kuma barinsu cikin jahilcin addininsu shi ne ɓarna mafi girma. Abdullahi ya adana labarin a cikin Tazyinul Waraƙati. Abin lura a nan shi ne, Goni ya kawo damuwarsa a fili, da sunansa, bisa abin da yake ganin shari'a ce, kuma bai ambaci wata mace da alfasha ba. Irin wannan saɓani halal ne, malamai ba su gushe ba suna yinsa.

Daga wannan gida ne Nana Asma'u ta fito. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma kafa 'Yan Taru, watau ƙungiyoyin matan ƙauyuka masu zuwa ɗaukar karatu, kowace ƙungiya da jajinta wadda Nana take naɗawa da malfa. Da an bi shawarar Goni, da wuya a sami wannan.

Ƙazafi kuwa wani abu ne dabam, kuma Musulunci bai yi masa sassauci ko kaɗan ba. Wadda aka fara jifa da shi a cikin al'ummar nan ita ce Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, macen da manyan sahabbai suke zuwa neman fatawa a wurinta daga baya. Allah Maɗaukakin Sarki ya wanke ta a Suratun Nur. A surar ne kuma aka yanke cewa wanda ya jefi kamilar mace bai zo da shaidu huɗu ba, a yi masa bulala tamanin, a daina karɓar shaidarsa. Har waɗanda suka ji zancen suka yaɗa shi, suna ɗaukarsa ƙaramin abu, ba a ƙyale su ba, an yi musu faɗa mai tsanani. Ba a ce banda macen da ta hau dandamali ba.

Duk da haka, a zamanin siyasar NEPU da NPC sai kalmar karuwanci ta zama sandan dukan duk macen da ta shiga jam'iyya. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri da duka saboda neman a ba matan Arewa ƙuri'a, abin da ba su samu ba a zaɓen tarayya sai 1979. Mai ganin ta yi kuskure yana da damar kawo hujjarsa, kamar yadda Goni ya yi. Amma da yawa sun ga hujja tana da wahala, zagi kuwa arha ne. Ta rasu a 2001, kuma babban asibitin gwamnati da ke Ƙofar Gayan a birnin Zariya sunanta yake amsawa.