WA KA BARI A BAYA?

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin tudu da gangare, tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasan zango, tun da wasu samarinmu na nan Buronks suka fara bin wata ƙungiyar masu hawan dutse ranakun Asabar, iyaye suke tare ni a ƙofar masallaci. Wata Hajiya ta ce mini ita karatu ta kawo ɗanta daga Nima ya yi, ba ta kawo shi ya zama akuya ba. Wani dattijo kuma ya ce wannan aikin waɗanda suka ƙoshi ne. To ni ban iya ba da amsa a kan abin da ban gani ba, don haka sai na bi yaran da ƙafata. Abin da na gano shi nake so in faɗa muku, kuma akwai laifina a ciki.

Hawan dutse a kan kansa ba abin zargi ba ne. Wahayi na farko a kogon Hira ya sauka, a saman dutsen da tsawonsa ya haura mita 600, kuma Manzon Allah (SAW) da ƙafarsa yake hawa da guzurinsa. A shekarar Hijira, 622, kwana uku ya yi a kogon Sauru shi da Sayyidina Abubakar. Ya hau Uhudu tare da Abubakar da Umar da Usmanu, Allah ya ƙara musu yarda. Saurayin da ya fita daga ɗakin bene ya je ya ga halittar Ubangijinsa, ya motsa jininsa, ya fi mini wanda ya wuni a kwanar titi. Maganar 'yan'uwa mata da yadda ya kamata tafiyarsu ta kasance, wannan sai wata fitowar, in Allah ya yarda.

Ga waɗanda ke karanta mu a Kumasi da Ankara, bari in ɗan kwatanta wurin. Duwatsun Katskil suna arewa da birnin Niyok, tafiyar awa biyu da wani abu a mota. Mafi tsawonsu, wanda ake kira Slide, ƙafa 4,180 ne. Mutanen ƙasar nan sun daɗe suna wannan abu a ƙungiyance: Appalachian Mountain Club tun 1876 aka kafa ta a Boston, akwai kuma Catskill 3500 Club ta 1962, wadda ba ka zama ɗanta sai ka hau duwatsun yankin da suka haura ƙafa 3,500, sannan ka sake hawa huɗu daga ciki a tsakiyar hunturu. Idan dusar ƙanƙara ta yi zurfi, mutum yakan nutse har gwiwa, sai a ɗaura wa takalmi wani abu mai faɗi kamar faifai, wanda ke baza nauyin jiki a kan ƙanƙarar. Mutanen asali na Amurka ta Arewa da itace da tsirkiyar fata suke yin nasu, na yanzu kuwa na ƙarfe mara nauyi ne da roba, da haƙora a ƙasa don kada a zame. Yaranmu faifan ƙafa suke ce masa, sunan kuma ya zauna.

Tafiyar tana da doka, kuma tun a bakin hanya ake karanta ta. Akwai shugaba a gaba, ba a wuce shi. Akwai mai tsaron baya, ba a bari ya wuce ka. Duk inda hanya ta rabu biyu, na gaba ya tsaya sai na ƙarshe ya iso an ƙidaya kawuna. Sannan akwai lokacin juyawa: in agogo ya buga, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba, gida za a fuskanta, domin a watan Janairu rana kan faɗi kafin ƙarfe biyar. Da na ji wannan sai na tuna kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, da madugu uban tafiya da jagaba a gaba. Ai sunan zango kansa daga nan ya fito, wurin da ayari ke sauka ya jira kowa ya iso. Kuma Abu Dawuda ya ruwaito umarnin cewa mutum uku in sun fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba. Na ce a raina, to ai wannan namu ne, mu za mu koya musu.

Ranar mu goma sha ɗaya ne, biyar daga masallacinmu. A cikinmu akwai wani yaro da bai cika wata huɗu da zuwa daga Kumasi ba, wannan ne sanyinsa na farko. Ya zo da wandon jins da singileti da rigar auduga, ya ɗora ƙatuwar kwat a sama, shugaban tafiya bai ga abin da ke ciki ba, ni kuwa na gani na yi shiru. Da muka fara hawa, sauran samarin, 'yan ƙwallo ne, suka manne wa shugaba, yaron nan ya fara ja da baya. Ya kira ni ya ce, "Malam, numfashina." Na juya na ce masa, "Haba ɗana, ba namiji ba ne kai?" Na wuce. Ina so in nuna wa samari cewa furfura ba ta hana ni komai ba.

Mai tsaron baya ranar wani tsoho ne Bature, ba Musulmi ba, ya kusa shekara saba'in, mai ƙarancin magana. Shi ya zauna da yaron. A mararraba ta biyu muka tsaya, muka yi ta jira, ba su iso ba. Shugaba ya ce kowa ya tsaya inda yake, ya koma da kansa, ni na bi shi. Muka tarar da yaron zaune a kan jakar tsohon, an tuɓe masa rigar audugar da ta jiƙe sharkaf da gumi, an sa masa busasshiyar rigar ulu ta tsohon, ana ba shi shayi mai sukari a baki domin yatsunsa sun kasa riƙe kofi. Yana rawar ɗari, maganarsa tana fita kamar ta mai barci, amma yana ta cewa shi lafiyarsa ƙalau, a bar shi ya ci gaba.

Ku san wannan ciwo, ya samari. Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne, in ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Auduga tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya sai ta koma kamar an lulluɓe ka da jiƙaƙƙen tsumma cikin iska. Farko rawar ɗari, sai hannu ya daina biyayya, sai harshe ya yi nauyi, sai hankali ya fara gushewa. Mugun abin shi ne mai ciwon bai san yana da shi ba, sai wanda ke kusa da shi ne zai gane. Da babu kowa a baya, da yaron nan ya zauna ya huta a gindin itace, kuma ban san abin da zan faɗa wa mahaifiyarsa a waya ba.

A motar dawowa ban yi magana ba. Ruwayar Jabiru, wadda ita ma tana cikin Abu Dawuda, ita ta yi ta yi mini yawo a kai: cewa Manzon Allah (SAW) yakan ja baya a cikin tafiya, ya kora mai rauni, ya goya shi a bayan abin hawansa, ya yi masa addu'a. Shugaban halitta, wanda babu wanda ya fi shi cancantar gaba, a baya ake samunsa. Sau nawa na karantar da wannan? Ranar da aikinsa ya zo, wanda bai taɓa jin sunan Jabiru ba shi ya aikata, ni mai rawani ina can gaba ina tsere da yara. Ina roƙon Allah ya shirye shi zuwa ga Musulunci saboda wannan rigar, ni kuma ya yafe mini.

Ba ni kaɗai na faɗi ba. Da shugaba ya ce tafiya ta ƙare, kowa zai sauka tare da yaron, samarinmu uku suka murtuke. Suna ganin ƙololuwa kusa, sun biya kuɗin mota, sun yi alkawarin hoto. Ɗaya ya ce mini da Hausa, "Malam, mu lallaɓa mu je mu dawo, ba zai sani ba." To ku tuna Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira. Maharba hamsin aka ajiye a kan ɗan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, aka ce kada su bar wurin ko an ci ko an sha kashi. Da suka hango ganima, mafi yawansu suka sauka, shugabansu yana kira. Halidu ɗan Walidu, lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da dawakai ta nan, Musulmi wajen saba'in suka yi shahada, har da Sayyidina Hamza. Allah ya riga ya yafe wa waɗannan bayin nasa, kuma ƙurar takalminsu ta fi mu. Amma in mutane irin waɗannan ganima ta saukar da su daga inda aka ajiye su, kai da hoto ke ja, kada ka amince wa zuciyarka. Da kun tafi, dole wani ya bi ku nema, wanda ya kamata ya riƙe yaron a gangare.

Sai maganar salla, wadda a nan ma kunya ta so ta ci mu. A hunturu Azahar da La'asar da Magariba duk suna iya riskar mutum tsakanin daji da mota, na kuma lura yaranmu sukan tara su sai sun dawo gida, don kada a ce sun tsayar da mutane. Alhali addini ya sauƙaƙa. Daga nan zuwa Katskil ya wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka sa wa kasaru, ga kuma damar haɗa Azahar da La'asar. Ka yi alwala kafin ka ɗaura takalmi. In ta warware, ruwa kuma zai cutar da kai, ga taimama. Amru ɗan Asi ya yi ta a daren sanyi a yaƙin Zatus Salasil, da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW) bai hana ba. Wanda ya karanta Ahalari a makarantar allo zai tuna an lissafa ƙanƙara cikin abubuwan da ake taimama da su. Muna yara a zauren malam, gumi na zuba, mun haddace wurin muna dariya, muna cewa ina mu ina ƙanƙara. Ashe mu ake ajiye wa. Da na gaya wa shugaban tafiya muna bukatar minti goma, cewa ya yi in riƙa faɗa masa tun a bakin hanya, don ya zaɓa mana wurin da iska ba ta bugawa.

Ga amsata ga iyaye: ku bar su su je, amma ku tambayi ɗanku wa ke shugabanci, wa ke baya, ƙarfe nawa za a juya, me kuma ya sa a ƙarƙashin kwat. Yaron nan ya warke, ya ce zai koma, mahaifiyarsa ta yarda bisa sharaɗin ina wurin. Na roƙi a ba ni baya, aka ce sai na yi tafiya uku tare da tsohon na koya tukuna, na kuma karɓa. Wanda ke da rigar ulu ko safa mai kauri da ba ya sawa, ya kawo masallaci bayan Juma'a, akwai sababbin zuwa huɗu da suka rubuta suna.